Bisap ja ko fari, abin da aka tsayar a fadarmu

Jiya a fada mun sha gardama kan bisap, wato zoɓo, ga abin da na tsinta. Kowa ya yarda ja ya fi ƙamshi da kauri, fari kuwa tsaminshi ya fi fitowa, sai da citta da na'a-na'a yake zama. In za ka saya a kasuwar Dole ta Damagaram ka duba mai duhu wanda ya bushe sarai, ka wanke yashi sau 2, ka jiƙa ya kwana kar ka yi ta tafasa shi. Ɗanɗana kafin ka zuba sukari, kuma ƙanƙara kaɗan, tana kashe daɗin wallahi. Na leda mai araha wani ruwa ne da kala, amma ni na sha na dala 10 wajen wata iya a Birni da ya fi na kwalba mai tsada.