Okada: gwani ne ko ɗan gatan kamfani?

Nura: Salamu alaikum. Jiya na sake kallon wasan resilin na Osaka, a Japan, na 12 ga Fabrairu 2012, kuma ina nan kan bakana: ɗora Kazuchika Okada aka yi. Yaro ɗan shekara 24, wata guda da dawowa daga Amurka, a ce ya ƙwace kambun IWGP, babban kambun kamfanin resilin na New Japan, a hannun Hiroshi Tanahashi, wanda ya kare shi sau 11 a jere? Gedo, manajansa da ke rako shi fili a lokacin, yana cikin masu tsara wanda zai ci. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwo gaya.

Yaya Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kowa a nan ya san resilin tsararren wasa ne, Tanahashin ma ɗora shi aka yi. Abin tambaya, da aka ɗora shi ya iya zama? Kuma daina cewa daga sama ya faɗo. Yana ɗan shekara 16 ya fara dambatawa a Meziko, a 2004, a hannun mai horar da shi Ultimo Dragon. Da ya shiga New Japan a 2007 sai aka mayar da shi sahun sababbin shiga, baƙin wando, ɗaukar kayan manya. Da aka tura shi Amurka kuma, kamfanin TNA suka saka masa takunkumin fuska, suka mai da shi yaron ɗan wasansu Samoa Joe.

Nura: To Yaya, me ya sa 'yan kallo suka yi masa ihu a filin Tokyo Dome ran 4 ga Janairu 2012, da ya fito ƙalubalantar Tanahashi? Wasansa da YOSHI-HASHI a daren bai kai minti biyar ba, kuma bai yi armashi ba.

Yaya Habu: Wannan gaskiyarka ce, daren bai yi masa kyau ba.

Ladidi: Ni dai ku bar tarihi ku dubi jiki. Mutum mai tsawon nan ya yi tsalle, ƙafafunsa biyu su sauka daidai fuskar abokin karawa. Sannan yadda yake riƙe wuyan hannun mutum ya ƙi saki, ko an naushe shi, ko ya durƙusa, har sai ya fizgo shi ya maka masa Rainmaker, dukan damtsen da yake gama wasa da shi. Gedo ne ya yi masa wannan? Kuma ɗan gatan da kake faɗa, sau biyu Tanahashi ya kayar da shi a Tokyo Dome, 2013 da 2015. A na biyun da kuka ya bar fili, wallahi har ni sai da na share hawaye. Sai 2016 ya rama.

Nura: Anti Ladidi, ban ce bai iya ba. Amma a 2014 da aka ba masoya zaɓi, ƙuri'arsu ta ture wasansa da Tetsuya Naito daga babban wasan dare, suka zaɓi Tanahashi da Nakamura.

Ladidi: Naito suka ƙi a lokacin, kowa ya sani.

Yaya Habu: Kwana 720 ya riƙe kambu daga 2016 zuwa 2018, ya kare shi sau 12. Je ka kalli karawarsa da Kenny Omega da ta Shibata a 2017, ka dawo mu yi magana.

Nura: Na kalle su, sun kai. Amma karawarsa da Naito ta Janairun 2018 fa? Filin nan kaf sunan Naito yake kira, shekara huɗu yana jiran daren, aka sake ba Okada. Wannan har yau yana ci mini rai, Yaya.