Danshi ya hana ni gyara falona a Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah mai sani ya taimaka min.

Gidan haya muke zaune a Agege, hawan ƙasa. Bara da sallah ƙarama na sa aka yi wa falo fenti ruwan madara, na shimfiɗa kafet ja har bango, na jera tuntuna irin na gida. Ya yi kyau ba laifi. Amma ruwan Yuni na sauka sai bangon da ke bayan kujera ya fara kumbura daga ƙasa, fenti na ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ga wani farin gari yana zubowa. Kafet kuwa warin ruma yake, turaren wuta ma ya kasa.

Mun kankare, mun sake shafawa, bayan wata biyu ya dawo. Mai fenti ya ce a manna tayil zuwa ƙugu. Ni dai tsorona kada falon ya koma kamar banɗaki, kuma mai gida ya ce ba zai ba da ko sisi ba.

Shin tayil ɗin zai tare danshin, ko sama zai ƙara hawa? Kafet ɗin fa, in cire in koma darduma ƙarama da ake iya shanyawa?