Ƙananan gidajen raino da haɗa gwiwa: me ke rage kashe kuɗi, me ke jawo rigima?

Mai gidan raino, yara 9:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidajen raino ne guda biyar kusa da juna, babu wanda yaransa suka haura 15, ana so a haɗa kai a rage kashe kuɗi. Waɗanda suka taɓa gwadawa, da me ake farawa, kuma ta ina abin ya fi lalacewa?

Mai gidan raino, yara 14:
Wa alaikumus salam. Ku fara da sari, shi ya fi sauƙin lissafi. Amma kafin a sayi ko kwali ɗaya, kowacce ta yi wata guda tana rubuta abin da ke ƙarewa a hannunta: famfas, tisu, safar hannu, sabulun wanke hannu, ledar shara. Jaririn da ke wuni awa 9 yana buƙatar canji sau 4 zuwa 5. Jarirai 6 a kwana 22 na aiki, famfas 528 ke nan mafi ƙaranci. Da irin wannan lambar ake zuwa wurin dila, ba da "muna da yawa" ba.

Ba komai ake tarawa ba. Famfas ƙaramar lamba kada ya wuce na wata ɗaya, don jariri na saurin wuce shi, sai a wayi gari kwalaye na jibge babu mai sawa. Bilic ma ƙarfinsa raguwa yake yi da daɗewa, balle a ɗaki mai zafi, wanda aka surka da ruwa kuwa kullum ake haɗa sabo. Kwalayen a ɗora su kan katako, nesa da bango. Laima in ta shiga famfas, an yi asararsa.

Sannan a zuba kuɗin mota da na dako cikin lissafi, a raba kan kowane guda, a gwada da yadda ake saya a da. Wani sarin sunansa ne kawai sari. Kuɗi kuma kafin kaya. Duk wadda ta ce a saka mata za ta bayar ƙarshen wata, ta jira zagaye na gaba.

Mai gidan raino, yara 12:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai sari ba nan babban kuɗin yake ba. Albashi ke cinye mafi yawan abin da gidan raino ke samu. Ranar da ma'aikaciya ta kwanta rashin lafiya, ko dai ki mayar da yara gida ki ɓata da iyaye, ko ki riƙe jarirai fiye da ƙima. Gida ɗaya ba zai iya biyan mai jiran ko-ta-kwana ba, gida biyar za su iya.

Ga yadda tsarin ke tafiya. A ɗauki mace ɗaya, kowane gida yana da ranarsa a mako. Ranar da babu matsala ta je gidan da ke da ranar, mai gidan ta samu sararin yin lissafi ko zuwa sayayya. In wani gida ya shiga matsi, a janye ta can, a rama wa mai ranar daga baya. Rabin albashinta a raba daidai wa daida, sauran rabin gwargwadon kwanakin da kowa ta yi amfani da ita.

Inda ake karo shi ne lokacin mura, gida uku su kira da safe ɗaya. Ku rubuta tun farko wa ke gaba. Abin da ya fi adalci shi ne gidan da jarirai suka fi yawa kan kowace mai raino, ba wadda ta riga buga waya ba. Ku duba adadin da hukumar da ke ba ku lasisi ta ƙayyade, shi ne alƙali.

Kada ranar gaggawa ta zama ranarta ta farko a gidan. Ta yi rabin wuni a kowane gida tukuna, yara su san fuskarta, ta san wane yaro ne ba a ba wa abu kaza. A binciki tarihinta kamar kowace ma'aikaciya, a sanar da iyaye. Kuma tunda yawo take tsakanin gidaje, ita ce hanyar da cuta za ta bi: rigar aiki daban a kowane gida, in amai ko gudawa ya kama ta, sai awa 48 bayan ya tsaya ta dawo.

Mai gidan raino, yara 6:
Anti, rabin nan da ake rabawa daidai bai danne mu ƙanana ba? Mai yara 6 da mai 15 su biya ɗaya?

Mai gidan raino, yara 12:
Ƙanwata, ranarki a mako ɗaya ce da ta mai 15, shi kike biya. Abin da ake cinyewa da kan yaro, kamar famfas, shi ake rabawa da yawan yara. Kada a haɗa ma'aunin biyu.

Malama mai riƙe littafin kuɗi:
Asusun haɗin kada ya zauna a lambar bankin mutum ɗaya, komai amanarta. Hannu biyu kafin a cire, rasit kuma a ɗauki hotonsa a tura wa kowa ran da aka saya. In mai lissafi ɗaya kuka ɗauka, littafin kowane gida daban. Bai kamata ki san mahaifin da ake bi bashi a gidan maƙwabciyarki ba, kuma bayanan yara ba kayan yawo ba ne. Ku sa wa'adin fita, misali wata biyu, don in gida ɗaya ya janye ba zato, albashin mai ko-ta-kwana kan huɗun da suka rage yake faɗawa.

Horon taimakon gaggawa ma ku yi shi tare, mai koyarwa ɗaya, zama ɗaya. A rubuta ranar da takardar kowacce za ta ƙare.

Mai gidan raino, yara 10:
Musayar kayan wasa tana da daɗi, amma da sharaɗi. A zuba su a akwatunan roba masu murfi, a manna takardar abin da ke ciki da adadinsa, a juya duk mako biyu ko uku. Mai bayarwa ta wanke, mai karɓa ta ƙirga a gabanta. 'Yar tsanar yadi da duk abin da ba ya wankuwa ya bushe da wuri, ya zauna gidansa. Akwatin 'yan ƙasa da shekara 3 daban yake: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar tisu, zai iya shaƙe yaro, a cire shi. A duba maɓalli da ƙafar mota da ke girgiɗi, da murfin batir ko yana ɗaure da ƙusa. Gidan da aka samu cuta mai yaɗuwa, akwatinsa ba ya fita a wannan zagayen.

Mai gidan raino, yara 9:
Na gode ƙwarai. Za mu fara da rubutun wata gudan. Malama, in kaya suka lalace a ɗakin ajiya, wa ke biya?

Malama mai riƙe littafin kuɗi:
Ku raba kaya cikin kwana biyu da saukewa, kowa ta kwashe nata. Abin da ya lalace kafin rabo na asusu ne, bayan rabo na mai shi.