Injin yankan itace: in saya ko in ɗauko mai yi?

Baban Ummi, daga ƙasar Taura:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san injin yankan itace, irin mai sarƙar nan. Muna da darbejiya a bakin gonar gado, sun yi girma har inuwarsu tana kashe mana gero kunya biyar ko shida daga iyaka. Ga kuma Baba a gida, tsufa ya zo, da zarar muku-mukun sanyi ya shigo ba ya iya barci sai da wuta a ɗaki. Itacen saye kuwa kun san yadda ya koma, damin da a da yaro ba ya iya ɗauka yanzu a hannu ɗaya zai riƙo shi. Na ga ƙananan injina 'yan China a Sabon Gari, mai shagon ya ce har kuɗi zan riƙa samu da shi a ƙauye. Shin in saya, ko in ɗauko mai yi in biya shi? Kuma in na sare yanzu da muka gama girbi, zai bushe kafin sanyin ya kankama?

Na Wudil mai inji:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Sana'ata ke nan, kuma ba don in samu aiki a wajenka ba, Taura ta yi mini nisa: kada ka saya.

Mai shago ya gaya maka kuɗin inji, bai gaya maka cin inji ba. Tanki biyu gare shi. Ɗaya na fetur ne wanda dole a gauraya shi da man 2T, domin ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar babur ɗinka. Kamfanin Stihl, masu ƙera irin injin nan, sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mil 100 a lita 5, in man nasu ne mai kyau. Ƙananan 'yan Chinan nan kuwa da yawa za ka ga an rubuta 25 da 1 a jikinsu, ninki biyu ke nan. Ranar da yaronka ya zuba zallan fetur don yana sauri, kafin ya gama gungume guda fistin ya kama, sai ka nemi bakanike. Ɗaya tankin na man sarƙa ne, shi ma kusan tare suke ƙarewa da fetur. Mutanenmu tsohon baƙin man mota suke ɗurawa don araha, kuma shi ne yake toshe famfon yana cinye ƙarfen da sarƙar ke gudu a kai. Tun da aka cire tallafi a 2023 duk mai inji da lissafi yake tayar da shi.

Sai wasa sarƙa. Nan ne ake gane wanda ya iya. Itacen ƙasarmu ba irin na kudu ba ne, ɓawonsa cike yake da yashin da iska ta cusa masa, ballantana a Jigawa. In sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya ma ta dakushe. Duba abin da take fesowa: in ɓarzajje ne kamar tsaki, da kaifi, in ya koma gari, ka tsaya ka ɗauki zagayayyen fayil ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowanne gugar da ka yi wa ɗan'uwansa. In ka fi cin gefe ɗaya yankan zai riƙa karkacewa, kai kuma ka riƙa dannawa da ƙarfi, inji yana zafi. Darbejiyar cikin gari kuma har ƙusa muke tararwa a cikinta, wadda mai shayi ko mai faci ya buga shekarun baya itace ya haɗiye ta. A hunturu kullum sai ka buɗe ka kakkaɓe filta, in ba haka ba ƙura ta shaƙe shi.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ba a mayarwa shi ne jiki. In saman hancin injin ya taɓa wani reshe ba ka lura ba, yakan yi tsalle ya dawo wajen fuskarka kafin ka ƙifta ido. Masu kyau suna da birkin sarƙa a gaban hannun hagu, na jabu kuma robar tana nan amma ba lallai ta kama ba. Ba a riƙe shi da hannu ɗaya, ba a yanka sama da kafaɗa, ba a aiki da shi cikin babbar riga ko silifa. Aikin da kake so kuwa, rage rassa ne a sama, wanda ya fi kowanne haɗari. Ni da nake ci da shi, in reshe bai wuce kaurin cinya ba, yaro nake sa wa ya hau da barandami ya saukar, ni in daddatsa a ƙasa.

Aikinka na wuni ɗaya ne a shekara. Inji kuma in ya kwana watanni da fetur a ciki, kafireto ya daskare. Ka samu mai yi a yankinku, ku yi jinga a kan bishiya ba a kan awa ba, ka tsaya a kansa.

Ɗan Gujungu:

Malam Na Wudil, ka tsorata bawan Allah da yawa. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi na hannu, Stihl, kuma ya daɗe da mayar da kuɗinsa. Duk damina sai iska ta kayar da bishiya a kan hanya ko katangar wani, a zo ana neman mu. Masu gidan burodi ma suna sayen itacen. In Baban Ummi yana da ƙane mai hankali da ba shi da aikin rani, sana'a ce. Sai dai na yarda da kai a abu ɗaya, ɗan ƙaramin nan na shago ba na haya ba ne, kuma jabun Stihl ya fi na gaskiya yawa a kasuwa, a tafi da wanda ya sani.

Na Wudil mai inji:

To ai ka faɗa da bakinka, ku sana'a kuka buɗe. Shi ɗumin Baba yake nema. In ƙanen nasa yana so, ya fara bin wani mai inji rani guda yana ɗaukar masa galan.

Malam Tsoho, Garki:

'Ya'yana, kuna ta maganar ƙarfe, ba wanda ya tambayi bishiyar. Baban Ummi, gonar gado ka ce. An raba ko ba a raba ba? In ba a raba ba, ka fara zama da 'yan'uwanka har da mata, don na ga zumunci ya ɓaci a kan ɗorawa guda. Sannan ka je wajen mai unguwa, ka kuma nemi malamin daji na ƙaramar hukuma kafin a tayar da inji. Gatari ba ya tara mutane, amma ƙarar inji har ƙauyen gaba ana ji, kuma ba ka rasa mai kai rahoto.

Darbejiya ba a kashe ta don ta yi inuwa. Ka sa a rage mata kai sama da inda akuya da raƙumi za su kai baki, ka bar gindin. Kafin damina ta ƙare ta yi sabon toho, bayan 'yan shekaru ka sake samun itace har da na rufin rumfa. Ka ce wa mai yankan ya fara ɗan tsaga reshen ta ƙasa kafin ya yanka ta sama, don kada ya faɗo ya yage ɓawon. Ka kuma raba su, wasu bana wasu baɗi, saboda su ne suke tare maka iskar gabas.

In akwai gawo a tsakiyar gonar, ko mai inji ya ce zai saya kada ka bari. Shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tsare wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su bar maka taki a gindinsa. Kowa ya san geron gindin gawo. Marke da ƙirya su ne itacen wuta na gaske, garwashinsu yana kai wa asuba, amma a wajenmu nan arewa sai ka yi tafiya kafin ka ga guda, masu gawayi sun gama da su.

Batun bushewa: ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. Gungume in ka bar shi a dunƙule zai iya kai wa bazara cikinsa da danshi. A faskara shi tun yana ɗanye, ya fi sauƙin tsagewa ma, a jera a kan duwatsu ko tsofaffin bulo saboda gara, inda iska ke ratsawa. Sirara za su kamu cikin 'yan makonni da iskar hunturu. Manyan ka ƙaddara na baɗi ne.

Maman Sadiq, ma'aikaciyar lafiya:

Sannunku. Yaya Baban Ummi, ni wutar ɗakin Baba ce ta tsaya mini a rai. Duk hunturu muna ganin wannan. A shigar da kasko, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita, gawayi ya fi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wani ya suma. Sai a ce iska ce ta shafe shi, a tsaya tofi a cikin ɗakin da ya jawo abin. In kun ga haka ku fito da mutum waje nan take, ku kai shi asibiti.

A hura wutar a tsakar gida har ta ruru hayaƙin ya wuce. A shigar da ita ɗakin ya ɗumama taga a buɗe, kafin Baba ya yi barci a fitar. A ƙara masa bargo, safa da hular sanyi, a shimfiɗa wani abu mai kauri a ƙarƙashin katifar don sanyin ƙasa ne ya fi damun tsofaffi. In yana tari ko yana da asma, ɗanyen itace kada ya kusanci ɗakinsa. Kuma kaskon ya yi nesa da gidan sauro da bakin zanen gado.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar saye na ajiye ta. Baba Malam, gonar ba a raba ba, ranar Juma'a za mu haɗu da 'yan'uwa in sha Allahu, kuma gawo biyu ne a ciki, ba mai taɓa su. Maman Sadiq, fitar da kaskon nan shi ne yaƙin, don Baba cewa yake tun kafin a haife mu yake kwana da wuta. Zan sa ƙanwarsa ta yi masa magana, ita yake ji.

Malam Na Wudil, saura ɗaya: a jingar, wa ke sayen fetur?

Na Wudil mai inji:

Yadda kuka yi ciniki ne, amma ka bar shi ya zo da mansa ya sa a cikin kuɗin. In kai ka sayo a bakin titi aka samu gauraye, injin ya tsaya, kai zai ɗora wa. Ku kuma yanke tun farko ko da faskare ko babu, da tsawon da kake so a datsa, daidai murhun gidanku. Ka kori yara daga wajen kafin ya ja igiya.