Lauyan ƙungiyar unguwarmu ya aiko mini takardar gargaɗi

Malamar makaranta, Gombe:

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina zaune a wani rukunin gidaje a Gombe, inda kowane gida ke biyan ƙungiyar mazauna naira dubu biyar duk wata domin albashin masu gadi, kwasar shara da gyaran rijiyar burtsatse. A watan jiya kwamiti ya mayar da kuɗin dubu goma sha biyu ba tare da kiran taro ba, ni kuwa na ce ba zan biya ƙarin ba sai an nuna mana lissafin bara. Ranar Litinin da na dawo daga makaranta, mai gadi ya miƙo mini ambulan, kansa a sunkuye. Takardar lauya ce: an ba ni kwana bakwai, in ban biya ba a hana motata shiga, a kuma yanke mini ruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kuɗinmu aka biya lauyan nan. Shin hakan ya halatta?

Lauya, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malama. Idan ƙungiyar ta yi rajista da hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, amintattunta suna da ikon shigar da ƙara da sunanta, ana kuma iya kai su ƙara, don haka ɗaukar lauya da kuɗin ƙungiya ba laifi ba ne. Sai dai a fahimci abu guda: ƙungiyar ce ta ɗauke shi, ba shugaba ba, ba kuma ke ba. Kada ki je ofishinsa ki zazzage masa cikinki da zaton zai ba ki shawara, domin duk abin da kika faɗa yana iya yin aiki da shi a kanki. Haka kuma in shugaba ya taka tsarin mulkin ƙungiya, aikin lauyan kirki ne ya gaya masa gaskiya, ba ya zama sandar dukansa ba.

Takardar lauya ba umarnin kotu ba ce. Rufe wa mutum ƙofa ko yanke masa ruwa saboda bashi ɗaukar doka ne a hannu. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin shiga ƙungiya, na 41 kuma 'yancin zirga-zirga, kuma a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukunci a shari'ar ƙungiyar mazauna Gbagada cewa ba a tilasta wa kowa zama mamba. Amma ki duba takardun da kika sa wa hannu lokacin da kika shiga gidan, domin idan kin amince da biyan kuɗin hidima a rubuce, wannan yarjejeniya tana kanki. A Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi har gida suna iya sa a yi gwanjonsa saboda bashi a jihohi da dama. Namu ba su da wannan iko haka kawai.

Tsohon ma'ajin ƙungiya, Gombe:

Malama, ki yi mini afuwa, zan faɗi ta ɗaya ɓangaren. Na riƙe kuɗin unguwarmu shekara uku, kuma na san ciwon ƙarshen wata, masu gadi huɗu na tsaye a ƙofar gidana suna jiran haƙƙinsu alhali rabin gidaje ba su biya ba. Sau biyu na biya su daga aljihuna. Ba mu nemi lauya ba sai da roƙo da sa bakin mai unguwa suka gaza. Duk da haka kwamitinku ya yi kuskure, domin wanda ya karɓi kuɗin jama'a dole ya buɗe littafi. Ki ci gaba da biyan dubu biyar ɗin ta banki, ki adana shaida, kada a ce da ke mai ƙin biya.

Malamar makaranta, Gombe:

Na gode, Barista, na gode, Baba. Na tura kuɗin yau da safe, na kuma rubuta wa sakatare ina neman kwafin tsarin mulkin ƙungiya, da lissafin bara, da bayanin taron da aka amince da ɗaukar lauyan. Maƙwabta tara sun sa hannu tare da ni, kuma mun roƙi mai unguwa ya halarci zaman da muka nema a yi ranar Asabar bayan la'asar.