Wai R&B namu ne da aka tafi da shi a jirgin bayi?

Ɗan Damagaram: Jama'a barkanmu da war haka. Na daɗe ina faɗa ana yi mini dariya, yau ma zan maimaita: kiɗan nan da baƙaƙen Amurka ke kira R&B namu ne, daga ƙasar nan aka kwashe shi tare da bayi. Mai gardama ya kunna kukumar Garba Supa, ya kashe, ya kunna John Lee Hooker, mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, sannan ya zo ya nuna mini inda suka rabu. Jan muryar ɗaya ne, yadda ake zama kan sauti guda ana ta juya shi ma ɗaya ne. Ali Farka Touré na Mali har ya bar duniya a 2006 yana cewa tushen kiɗan Hooker a ƙasarsu yake.

Anti Ladi: Ɗan Damagaram, tun daga ƙofa ka haɗa abu biyu. Hooker ai blues yake yi, tsohon kiɗan baƙaƙen kudancin ƙasar Amurka. R&B kiɗan birni ne na shekarun 1940, kiɗan rawa, da saksofon da fiyano da bes da ganguna. In kana neman wanda ya share masa hanya ka nemi Louis Jordan da 'yan ƙungiyarsa, mutum shida ko bakwai suna tayar da ƙurar da a da sai an tara goma sha biyar. Sunan kansa ma mujallar Billboard ce ta sa wa jerin faya-fayan baƙar fata a 1949, kuma wani ma'aikacinta Jerry Wexler ake danganta wa laƙabin. Kafin nan da sunan launin fata ake kiran jerin, ba ko kunya. Ina kukuma a nan?

Ɗan Damagaram: Anti, ɗa ba ya fin ƙarfin uwarsa. R&B daga blues ya fito, blues daga ina?

Malam Bala: Ku ba ni dama in sa baki, don abin da ke damuna shi ne kalmar "namu". Su wa ke nan? In Hausawa kake nufi, lissafin bai goyi bayanka ba. Cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai 400,000 ba. Mafi yawa Birazil da tsibiran Karibiyan aka kai su. Hausawa kuwa ba su fara shiga wannan ciniki da yawa ba sai da yaƙe-yaƙen jihadi suka tashi daga 1804, ana gangarawa da su bakin teku ta Legas da Wida. Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808. Ka ga ƙofar tana rufewa ne daidai lokacin da namu suke isowa. Bahia ta ƙasar Birazil aka fi kai su. Can ne aka bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, can ne kuma Musulmi suka yi babban tawayen 1835 a birnin Salvador, Yarbawa ne suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su. Mai neman sawun kakanninmu a ƙetare, Birazil zai fara dosa.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, ban ce Hausawa zalla ba. Yankin nan namu nake nufi, daga Senegal har tafkin Chadi. Ku da kanku kun san an kai Wolof da Mandinka da Bambara da Fulani da yawa, musamman Louisiana zamanin Faransawa. Omar ibn Said mutumin Futa Toro ne a Senegal ta yau, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana bawa a Carolina. Kuma ga abin da ya fi ƙarfi. Bayan tawayen da bayi suka yi a Stono a 1739, dokar Carolina ta Kudu ta 1740 ta hana bayi ganga da ƙaho, don tsoron kada su riƙa kiran juna da su. Da aka ƙwace ganga wa ya rage a fili? Mai tsirkiya. Mai goge, mai molo, mai gurmi. Banjo ma, molon nan na Amurkawa, ai da ƙwarya da fata aka fara yin ta, 'yar'uwar akonting ce, molon mutanen Jola na Senegal da Gambiya. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan Ostiriya, littafi guda ya fitar a 1999 kan wannan, kuma cikin misalansa har da mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru.

Baban Hanifa: Ni ma na taɓa jin wata masaniya, Sylviane Diouf, tana kwatanta waƙar ma'aikatan madatsun kogin Misisifi da kiran sallah. Aka sa su a jere, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Kawu Isa: A'a Baban Hanifa, a tsaya nan. Ku yi gardamarku ta garaya da jita, amma a cire kiran sallah daga zancen kiɗan mashaya.

Baban Hanifa: Kawu a yi haƙuri, ba haɗa su na yi ba. Waƙar aiki ce ta mutum ɗaya, ba ganga ba molo, murya ce kawai yake ja. Ita cewa ta yi bayin da suka taso da karatun allo sun bar alamar jan muryarsu a wuyan jikokinsu.

Malam Bala: Na san hujjojin nan, ban raina su ba. Kubik mutum ne mai taka-tsantsan, siffofi ya bibiya, bai ce an ɗauko blues cur daga Sahel an dire a Misisifi ba. Matsalar ita ce ramin da ke tsakiya. An rufe ƙofa 1808, blues kuwa ba a fara jin ɗuriyarsa ba sai wajen 1900. W.C. Handy ya ba da labarin yadda a 1903, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler cikin dare, wani mutum mai yagaggun kaya ya zauna kusa da shi yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana maimaita baiti ɗaya sau uku. Ya ce bai taɓa jin kiɗa mai ban mamaki irinsa ba, alhali shi baƙar fata ne, makaɗi, haifaffen Alabama. Tsakanin 1808 da wannan daren shekara 95 ne, babu faifan da zai nuna mana abin da ake rerawa a gandun auduga. Kama da wane ba ta wane. Kunne yana iya ba da shaida, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Mai Fiyano: Iyayena ku bar ni in faɗi abin da hannu ya sani, tunda a situdiyo nake kwana. Yaya Ɗan Damagaram ya zaɓi Hooker ne da wayo. Hooker yakan zauna kan kod ɗaya, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, daga farko har ƙarshe, ƙafarsa na buga ƙasa, shi ya sa yake kama da mai gurmi. Amma yawancin blues, da R&B ɗin farko kusan duka, gaɓa goma sha biyu ne a kan kod uku, ka tafi ka dawo ka tafi ka sauka. Wannan tsarin kod ɗin na waƙoƙin coci ne da kiɗan Turawa. Ka ɗauki kuntigin Ɗan Maraya ka ce za ka bi shi da kod ukun nan, a gaɓa ta biyar za ku rabu, na gwada. Abin da na yarda namu ne shi ne lanƙwasa sauti, ka taɓa tsakanin maɓalli biyu inda fiyano ba ta da wuri. Wannan kam mai goge ya fi kowa iyawa.

Ɗan Damagaram: To ai ka ba ni gaskiya.

Mai Fiyano: Rubu'i na ba ka, Yaya. Kuma akwai wata. Ali Farka ya saurari faya-fayan Hooker tun yana saurayi, jita kuma yake riƙe da ita ba molo ba. Kamannin da kake ji, wani daga nan ya tafi, wani daga can ya dawo. James Brown ya zo Legas a 1970, ka duba abin da makaɗan Najeriya suka koma yi a shekarun nan.

Anti Ladi: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. In muka ce namu ne, ina muka ajiye waɗanda suka yi wahalar? Mutum wajen miliyan 6 suka bar jihohin kudu na ƙasar Amurka tsakanin 1916 da 1970, suna gudun wariya da rataya, suka cika Shikago da Detroit da Los Angeles. Lokacin yaƙin duniya na biyu suka samu aiki a masana'antu, kuɗi ya shiga aljihu, daren Asabar ana son rawa. Mawaƙin blues Muddy Waters ya bar gandun auduga ya isa Shikago a 1943, ya tarar jitar katako ba ta jiyuwa cikin hayaniyar gidan rawa, dole ya koma mai lantarki. A New Orleans kuma Professor Longhair na zuba salon Kyuba a fiyano, Fats Domino ya fito a 1949. Ga coci: Ray Charles ya ɗauki karin waƙar yabon Ubangiji a 1954 ya mayar da ita ta soyayya, masu wa'azi suka yi ta Allah wadai. Gero ko daga gonarka ya fito, wadda ta surfa ta daka ta dama ita ke da furar.

Sannan a tambayi wa ya ci kuɗin. Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, ya kafa kamfanin Atlantic da abokinsa a 1947. Mawaƙiya Ruth Brown ta yi musu ciniki har ana kiran kamfanin gidan da Ruth ta gina, amma daga baya sai da ta yi aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta. Sai da ta tsaya da lauya shekara da shekaru kafin a sake lissafin kasonta, daga nan aka kafa gidauniyar tallafa wa tsofaffin mawaƙan R&B a 1988. Ranar wannan faɗan ba wanda ya zo daga Damagaram ya ce namu ne.

Ɗan Damagaram: Kai Anti, wannan kuma duka ne ƙasa da ɗamara. Ban hana su ladansu ba. Amma amshi fa? Jagora ya jefa, 'yan amshi su cafe, kamar Shata da yaransa. Ray Charles da matan da ke bayansa ba haka suke yi ba?

Malam Bala: Haka suke yi, sai dai amshi ba gadonmu ba ne mu kaɗai. Daga Senegal har Angola ana yinsa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka sauke a Amurka daga yankin Kongo da Angola suka fito. 'Yan tawayen Stono ɗin da ka kafa hujja da su ma daga can ake jin suke. In za a raba gadon nan da amshi, sai ka shiga layi bayan mutanen Kongo, ga Ibo da Akan su ma suna jira.

Baban Hanifa: To Mai Fiyano, waƙoƙin nanaye da kuke buga mana a Kano yanzu, su kuma na wa ne, Indiya ko Amurka?

Mai Fiyano: Baba wannan sai na ci abinci.

Kawu Isa: Ku bari sai bayan isha'i, an kusa tayar da sallah a nan.