Magungunan Baba biyu kamar suna faɗa da juna, ku taimaka min

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin magani da ke nan ku dubo min wannan. Babanmu muna tare da shi a Agege, shekara biyu kenan yana fama da ciwon mantuwa na Alzheimer. Likita ya ɗora shi a kan donepezil 5mg da dare, ya ce mana akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, asetilkolin, shi ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi kuma ciwon yana rage shi, to maganin yana hana a rusa ɗan abin da ya saura ne. Alhamdulillahi mun ga sauƙi, har ya koma kiran jikokinsa da sunayensu.

Sai fitsari ya fara kufce masa. Ƙanina ya je kemis aka ba shi oxybutynin, fitsarin ya tsaya amma wallahi cikin sati biyu Baba ya rikice, bakinsa kullum a bushe, jiya na same shi riƙe da buta a tsakar gida yana tambayata ina ne nan. Da na bincika sai na ga wai shi oxybutynin toshe aikin asetilkolin ɗin yake yi, kuma shi kansa donepezil yana iya kawo matsalar fitsarin.

Ranar ganin likitansa sai nan da sati 5, na kira layin asibitin ba a ɗauka. In tsayar da na fitsarin lokaci ɗaya ko akwai haɗari? Ko in kai shi imajensi gobe da sassafe kafin gosulo? Hankalina ya tashi sosai.